Tsohon gidan haya a karkarar arewacin Kano: Lissafin da ya kamata mai saye ya yi kafin ya biya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura, ko ta Kano zuwa Katsina, ya san irin wannan gida. Yana nan a bayan tashar mota ko kusa da kasuwa, a garuruwa irin su Dambatta da Bichi da Dawanau.

Dogon gida ne mai ɗakuna goma ko goma sha biyu a jere suna kallon juna, da tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, sai banɗaki biyu a can ƙurya.

Kwanon rufin ya yi tsatsa, an danne shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi don kada iska ta yaye shi. Gindin katangar ya zaizaye. Ɗaki biyu ko uku babu mai kwana a ciki sai awaki, domin rufinsu ya rufta tun wata damina.

Galibi wanda ya gina gidan ya rasu. Magada sun yi yawa, babu wanda zai iya gyara shi shi kaɗai, kuma babu wanda ya yarda ya zuba kuɗinsa a abin da ba nasa kaɗai ba. Ƙarshenta sai a sa gidan a kasuwa.

Daga nan dillali zai ɗauki magana ya kai wa ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa, ko ma'aikacin da ya yi ritaya ya karɓi garatutinsa, ko ɗan garin da ke neman kuɗi a Legas ko Saudiyya. Abin da ake kwaɗaita wa mai saye shi ne gida ne mai 'yan haya a ciki, ranar da ya biya ranar kuɗi za su fara shigowa.

Ga da yawa daga cikin masu sayen, wannan kuɗi su ne tarin da suka yi na shekara talatin. Ga waɗanda ke ciki kuwa, wannan ruɓaɓɓen kwano shi ne matsuguninsu. Shi ya sa cinikin irin wannan gida yake buƙatar lissafi na natsuwa.

Me ya sa ƙasa ke da daraja a nan?

Ƙauyukan da suka kewaye birnin Kano suna cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma ba yau abin ya fara ba.

Masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960.

Abin da ya tarar shi ne kusan ko'ina gona ce, ana noma ta kowace shekara ba hutawa, ana ciyar da ita da takin dabbobi da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Gado yana ƙara gutsuttsura gonakin, kuma tun a wancan lokaci ana saye da sayar da su.

Ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Kano na da mutum miliyan 9.4, adadi mafi yawa a ƙasar. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa kuwa tana nan yadda take. Duk sabon fulotin da aka yanka a gefen gari, gonar gero ko dawa ko gyaɗa ce aka ci.

A kan wannan sai aka samu faɗuwar darajar naira. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin farashin canji a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024.

Wanda ya ajiye kuɗi a banki yana kallo suna narkewa. Don haka mai ɗan abin hannu yake gudu ya mayar da su ƙasa, kuma tsohon gidan haya yana kama da tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga fili, ga kuɗin haya.

Abin da ake yi a Amurka

Irin wannan ciniki yana da ɗan'uwa a Amurka. A can akwai unguwanni na gidajen tafi-da-gidanka, waɗanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da babbar mota a girke. Fiye da mutum miliyan 20 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje, mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi.

Manyan attajirai sun daɗe da shiga harkar. Kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya sayi Clayton Homes, mai ƙera irin gidajen, a 2003 kan dala biliyan 1.7. Kamfanin Equity LifeStyle Properties, wanda Sam Zell ya jagoranta har rasuwarsa a 2023, yana da wurare fiye da 400.

Sirrin ribar a can shi ne mai jari ƙasa kawai ya mallaka, da bututun ruwa da hanyoyin cikin unguwar. Gidan na mazaunin ne, shi ke gyara rufinsa, kuma duk wata yana biyan hayar gurbin da ya girke shi.

Ɗauke gidan zuwa wani wuri yana cin dubban daloli, tsohon gida ma ba lallai ya jure tafiyar ba. Saboda haka idan sabon mai wuri ya ƙara kuɗin haya, mazaunin ba shi da inda za shi. Wannan ne ya jawo wa harkar suka mai yawa a Amurka.

A karkarar Kano lamarin a juye yake. Ƙasa da bango da rufi da masai duk a wuyan mai gida suke. Ɗan haya kuwa da yamma ɗaya zai loda katifarsa da tukwanensa a amalanke ko a-daidaita-sahu ya bar gidan.

Abin da ya dace a koya daga masu saye na Amurka shi ne irin binciken da suke yi kafin su biya. Suna duba wanda ke biyan haya da gaske, suna duba ruwa da magudanar ƙazanta, suna duba ko hukuma ta amince da wurin. Waɗannan tambayoyi su ne na Dambatta da Bichi ma.

Su wane ne za su kama ɗakunan?

Kuskuren farko da mutumin birni ke yi shi ne ɗauka cewa yawan jama'a yana nufin yawan 'yan haya.

A ƙauye da ƙananan garuruwa, ɗan gari a gidan gado yake zaune. Idan zai yi aure, a yanka masa wuri a gidan mahaifinsa ko a gefen gona ya yi ɗaki biyu. Haya ta baƙo ce.

Baƙin kuwa sanannu ne: malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka turo daga wani wuri, 'yan sanda, masu yi wa ƙasa hidima, ɗalibai, leburorin kasuwa, 'yan ci-rani, da matan da aurensu ya mutu suke riƙe da 'ya'ya.

Kowane gari da abin da ke kawo masa baƙi. A Bichi akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha. A Dambatta akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, ga babbar kasuwar da ke ci ranar Lahadi, ga noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Tomas.

Dawanau, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, tana da kasuwar hatsi da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda aikin dako da lodi ba ya yankewa, musamman da kaka.

Kowane rukuni kuma da matsalarsa. Ɗalibi yana tafiya idan an yi hutu ko yajin aiki. Ɗan ci-rani da saukar ruwan farko zai koma gona. Ma'aikaci ana iya yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar shekara, wasu ma a birni suke kwana, kullum su yi sammako su zo aiki su koma.

Don haka mai saye ya fara auna nisan gidan da wurin da ke kawo baƙi. Gidan da ɗalibi zai taka da ƙafa ya isa aji daban yake da wanda sai ya hau babur sau biyu a rana.

Lissafin haya

Ga misali don a ga yadda lissafin yake tafiya. Mai saye zai iya cire waɗannan alƙaluma ya sa na gidan da ke gabansa.

A ce gida ne mai ɗaki 12, an yi masa kuɗi naira miliyan 15, kuma hayar kowane ɗaki naira 50,000 ce a shekara. Dillali zai ninka ya ce gidan yana kawo naira 600,000.

Amma da aka shiga aka ƙirga, ɗaki uku ba sa zaunuwa. Ɗaya wata 'yar'uwar mamacin ce a ciki, ba ta taɓa biya ba. Shida suna biya cikakke, biyu kuma rabi suke iya kawowa. Abin da ke shigowa a zahiri naira 350,000 ne.

A cire naira 100,000 na yaɓe da toshe yoyo da kwashe masai da ɗan abin da za a ba mai karɓar haya. Saura naira 250,000.

Kuɗin saye kuma ba miliyan 15 ba ne kaɗai. Akwai la'adar dillalai, da kuɗin lauya da safiyo da na takardu. A ce sun ci miliyan ɗaya da rabi. Jimilla miliyan 16.5. Ribar shekara ke nan ba ta wuce kashi ɗaya da rabi cikin 100 ba.

To, a ce mai saye ya zuba wata miliyan shida ya sake rufi, ya tayar da ɗakunan da suka faɗi, ya gina sabon banɗaki. Jarinsa ya zama miliyan 22.5. Sai ya ɗaga haya zuwa naira 80,000.

Idan ɗaki 11 suka cika duk shekara, zai tara naira 880,000. A cire 160,000 na hidimar gida, saura 720,000. Wato kashi 3.2 cikin 100. Da kuɗin haya kaɗai, sai ya shekara fiye da 31 kafin uwar kuɗinsa ta dawo.

Sai a gwada da wata hanyar. Takardun Sukuk da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ya fitar a watan Mayun 2025, waɗanda aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, suna biyan kashi 19.75 cikin 100 a shekara. Miliyan 22.5 a can za ta kawo kusan miliyan 4.4 duk shekara, ba tare da an hau rufi ko an bi wani bashi ba.

Sukuk na da nasa rauni, domin uwar kuɗin da za a mayar wa mutum bayan shekara bakwai hauhawar farashi ta riga ta ci wani kaso nata. Ƙasa ita ce ke iya bin farashi ta hau.

Amma lissafin ya nuna abu ɗaya a fili. Kafin gidan ya kamo Sukuk a wannan misali, sai darajarsa ta riƙa ƙaruwa da kusan kashi 16 zuwa 17 cikin 100 kowace shekara. Wanda ya sayi irin wannan gida, a gaskiya fili ya saya, kuɗin haya ɗan ƙari ne.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ta gane ko an tsuga kuɗi ita ce a tambayi farashin fuloti mai girmansa wanda ba a gina ba a wannan layin. A ƙara kuɗin abin da zai moru na kwano da ƙofofi da bulo, a cire kuɗin rushe abin da ya lalace da kwashe ɓaraguzai. Abin da ya haura haka, kuɗin ruɓaɓɓen bango ne.

Takarda kafin komai

Tunda fili ne ainihin abin saye, ingancin takardarsa shi ne rabin cinikin.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani.

A wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke bayar da wannan haƙƙi, da takardar da aka fi sani da C of O. A karkara kuma ƙaramar hukuma na da ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya.

Dokar ta kuma ce ba a sayarwa ko jinginar da haƙƙin sai da amincewar hukumar da abin ya shafa. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda ba a nemi amincewar gwamna ba.

Yawancin tsofaffin gidajen karkara ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu. Abin da ake da shi takardar ciniki ce ta hannu mai ɗauke da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci, wani lokacin ma babu komai sai shaidar dattawa cewa gidan na wane ne tun kaka da kakanni.

Wannan shaida tana da amfani, domin mai unguwa da dagaci su suka san tarihin kowace katanga. Amma ba ta maye gurbin bincike a sashen filaye na ƙaramar hukuma, da hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen jihar, da kuma KNUPDA mai kula da tsara birane idan wurin ya shiga ƙarƙashinta.

Safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta na kowace kusurwa. A tabbatar gidan bai shiga burtali ko filin makaranta ko maƙabarta ko filin kasuwa ba, kuma ba ya ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

Kanawa ba su manta da rusau na watan Yunin 2023 ba, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen al'umma, ciki har da shagunan Filin Idi da ginin tsohon otal ɗin Daula.

Masu shagunan Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan uku. Waɗannan mutane ne da suka samu wuraren a ƙarƙashin gwamnatin da ta gabata, amma tarihin filin ya biyo su.

Magada da haƙƙin shufu'a

Gidan gado yana da wata ƙofar rigima da ba a gani a taswirar safiyo.

Sau da yawa babban wa ne ke tsayawa a kan ciniki, ya ce ya yi magana da kowa. Amma a cikin magada akwai matan mamacin, da 'ya'ya mata da ke aure a wasu garuruwa, da marayun ɗan da ya rasu bayan mahaifinsa kafin a raba gado.

Kowannensu yana da kasonsa da shari'a ta yanka masa, kuma babu mai ikon sayar da rabon wani ba da izininsa ba. Rabon maraya kuwa sai ta hannun waliyyinsa, kuma mafi aminci a yi shi da sanin alƙali.

Akwai kuma haƙƙin shufu'a. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Kano ke bi, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran abokan tarayya suna da damar biyan kuɗin da aka saya su karɓe kason.

Wanda yake gari ya san da cinikin ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Amma wanda ba ya nan, haƙƙinsa na jiran sa ko da ya daɗe. Ɗan'uwan da ya yi shekaru a Kudu ko a ƙasar waje zai iya dawowa ya tayar da maganar bayan an gama gyara.

Mafita ita ce mai saye ya nemi takardar rabon gado daga kotu, ya ga kowane magaji da idonsa ko wakilinsa mai takarda, kowa ya sa hannu. A kuma tambayi maƙwabta ko mamacin ya taɓa jinginar da gidan ko wani ɓangarensa, domin tsohuwar jingina ba kasafai ake rubuta ta ba. A biya ta banki, don a samu shaida.

A duba ginin da damina

Da rani kowane gida lafiyayye ne. Wanda ya duba gida a watan Maris ya biya, ya yi cinikin biri a sama. Watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, shi ke tona asirin gini.

A ga inda ruwan tsakar gida yake fita, da inda indararon maƙwabta yake zuba. A ga ko akwai kududdufi a kusa da ke cika ya malalo. A duba gindin bango, domin danshi daga nan yake cin ginin ƙasa har ya kwantar da shi.

A kankare filasta a wuri biyu ko uku. Gidaje da yawa da ake kira ginin siminti, tubalin ƙasa ne aka shafe. Ba aibi ba ne idan an kula da shi, amma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Kafinta ya hau ya duba katakon rufi da azara, ko gara ta cinye cikinsu. Birkila ya duba tsagewar bango, ya bambance ta filasta da wadda ta taso daga tushe.

Sai rijiya da masai. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. A ƙaramin fili mai ɗaki 12, da wuya a samu haka, kuma gidan da mutum arba'in ke shan ruwan da masai ke tsiyaya a ciki yana jiran ɓarkewar amai da gudawa ne.

Idan sai an haƙa rijiyar burtsatse, a sa kuɗinta a lissafi tun farko. A nemi shaidar biyan kuɗin wuta na ƙarshe, don kada sabon mai gida ya tarar da bashin KEDCO.

Kuɗin gyara kuma a ƙiyasta shi da farashin yau, a ƙara wani abu a kai. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kusan ninki biyu na farashinsa shekara guda kafin nan, kuma da yawa da suka fara gini da tsohon lissafi sun tsaya a linta.

Alƙawarin hanya da jirgi

Babban abin da ake tallata filayen arewacin Kano da shi shi ne abin da ke tafe. Akwai aikin mayar da hanyar Kano zuwa Katsina tagwaye, wadda ta ratsa Dawanau da Bichi da Tsanyawa.

Akwai kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikinsa, kuma ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura.

Irin waɗannan ayyuka suna ɗaga darajar fili, amma suna kuma cin fili. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta gini ce da shuke-shuke, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya biya miliyoyi saboda fili, aka zo aka ƙiyasta masa ruɓaɓɓen ɗaki, shi ya yi asara.

A manyan hanyoyin tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare ta gwamnati ce. Gidan da ya shiga wannan tazara, duk kyan wurinsa, zaman aro yake yi.

Siyasa ma tana juyawa. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da Bichi hedikwatar sabuwar masarauta, a watan Mayun 2024 aka soke dokar. Wanda ya gina lissafinsa a kan fada, shekara biyar kawai ya samu.

Tsaro kuma ya shigo cikin lissafi. A ƙarshen 2025 an kai hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Tsanyawa da Shanono da ke iyaka da Jihar Katsina. Baƙon ma'aikaci, wanda shi ne ɗan haya, shi ke fara neman canjin wurin aiki idan hankali ya tashi.

Mutanen da ke ciki

A misalin da ya gabata, ribar kashi 3.2 ba ta samu ba sai da aka ɗaga haya daga naira 50,000 zuwa 80,000, ƙarin kashi 60 cikin 100.

Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne a wata. Ɗan dako da mai tallan waina da bazawara mai yin wankau ba su ma da albashin. Da yawa daga cikin waɗanda ke gidan yau ba za su iya biyan sabon farashin ba.

Doka ba ta yarda a cire wa ɗan haya ƙofa ko a yaye masa rufi don ya tashi ba. A dokokin haya da ake aiki da su a Najeriya, idan babu wata yarjejeniya ta daban, mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata shida, mai biyan wata-wata yana da na wata ɗaya, bayan nan kuma sai an je kotu.

Wasu sun riga sun biya tsohon mai gida kuɗin shekara. A zauna da kowane ɗan haya kafin ciniki, a ga rasit ɗinsa, a rubuta ranar da kuɗinsa zai ƙare, a cire abin da aka riga aka karɓa daga kuɗin gidan.

A ƙaramin gari kuma kowa ya san kowa. Baƙon da ya fara da fitar da tsohuwa da jikokinta a tsakiyar damina zai daɗe bai samu haɗin kan mai unguwa da maƙwabta ba, alhali su ne masu gadin gidansa idan ya koma birni.

Akwai hanyoyin da ba sai an matse kowa ba. Ana iya gyara ɗakunan da suka faɗi tukuna a sa musu sabon farashi, na tsofaffin kuma a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan sun ga gyara a ƙasa.

Idan gidan na bakin hanya, ana iya fasa ƙofa a ɗakunan gaba su zama shaguna, waɗanda galibi sun fi ɗakin kwana kawo kuɗi. Kusa da kasuwar hatsi, ɗaki mai busasshen daɓe da ƙofar ƙarfe zai iya zama wurin ajiyar buhuna da kaka.

Idan akwai sarari a gaba, ana iya ba mai kwantena ko mai kes hayar wuri ya girke abinsa. Wannan ne ya fi kama da tsarin Amurka, domin gyaran ba ya wuyan mai fili.

Yaushe cinikin ke yin kyau?

Tsohon gidan haya yana iya zama jari mai kyau idan abubuwa huɗu suka haɗu: farashinsa ya yi kusa da na filin da ba a gina ba, magada duka sun sa hannu kuma hukuma ta tabbatar da wurin, akwai makaranta ko kasuwa ko asibiti a kusa da ke kawo baƙi duk shekara, sannan mai saye yana da kuɗin gyara a hannu kuma ba ya buƙatar jarinsa nan da shekara goma.

Wanda zai dogara da kuɗin hayar don cefanen gida da kuɗin makarantar yara, kamar mai ritayar da ba shi da wata hanyar shiga, wannan ciniki ba nasa ba ne. Haka wanda zai ci bashi ya saya.

Dillali zai ce akwai wani mai saye da ke tafe da kuɗi gobe. Gidan da ya shekara biyar yana zuba a gaban magada ba zai gagara jiran mako uku na bincike a kotu da ofishin filaye ba. Idan masu sayarwa suka ƙi bayar da wannan lokaci, ko suka hana a gana da sauran magada da 'yan haya, mai saye ya riƙe kuɗinsa ya nemi wani gidan.